Hauni: Hannun Hagu na Sarauta

A tsohuwar Hausa, hauni na nufin hagu. Da wannan kalma kuma ake kiran mutumin da ke sare kan wanda shari'a ta yanke wa hukuncin kisa. Babu muƙami a fada da ake tsoro kamarsa, babu kuma wanda ake ƙyama kamarsa.

A ƙarni na 19, idan manomi a Ungogo ya kashe maƙwabcinsa a rikicin iyakar gona, dagaci ba shi da ikon taɓa ransa. Sai a ɗaure shi a kai shi birnin Kano, domin shari'ar jini ta majalisar Sarki ce. A can ma Hauni ba ya cikin masu magana. Shaidu su yi bayani, malamai su duba hukunci, sannan a juya ga magadan mamacin, waɗanda fiƙihun Malikiyya ya ba su zaɓi: ko ƙisasi, ko su yafe, da diyya ko babu. Sai duk ƙofofin nan sun rufe ake miƙa mutum ga dogarai, su kai shi kasuwa, Hauni ya zare takobi a bainar jama'a. Shi da kansa yana cikin bayin Sarki, ba shi da bakin cewa a'a. Mai yanke hukunci ya koma gida da girmansa. Mai zartarwa kuwa da sunansa ake tsorata yara.

Baturen nan Hugh Clapperton, da ya sauka Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ga Haunin garin ido da ido. Wani malamin fada ya ba shi labari cewa mutumin Bauchi ne, kuma wai ya nemi muƙamin ɗan'uwansa yana taƙamar ya fi shi iya sara. Da aka ce ya kawo kan ɗan'uwan nasa a gani, sai ya je ya kawo. Ni dai ina karanta wannan da hattara, don ji ne aka ji, kuma matafiyan Turai na wancan zamani suna son labari mai tayar da tsigar jiki. Amma ko da ƙirƙira ce, ta nuna abin da mutanen fada da kansu suka yarda Hauni zai iya aikatawa.

Turawa sun ci Kano a 1903, ba su kuwa kori Hauni nan take ba. Kotun Sarki ta ci gaba da yanke hukuncin kisa, sai dai ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu. Daga baya igiya ta maye gurbin takobi, aikin ya bar kasuwa ya koma bayan katangar gidan yari. Da Penal Code ta fara aiki a Arewa a 1960, rataya ce ta zama hanyar da doka ta sani, kuma shekaru kaɗan bayan haka gwamnatin soja ta rushe kotunan sarakuna.

Haunin da, kowa a birni ya san fuskarsa da gidansa. Magajinsa mai igiya ma'aikacin gwamnati ne da ake ɓoye sunansa, ana kiransa ne kawai idan takardar Gwamna ta iso.