Daga Zauren Dagaci Zuwa Ajin Jami'a: Tarihin Ilmin Ba da Shawara da Matsayinsa a Ƙasar Rano da Kibiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda ba da shawara ya zama fannin ilmi da ake neman digiri na farko a kansa a jami'o'in Nijeriya, sa'an nan a auna shi da abin da ya tarar a ƙasar Hausa. An zaɓi ƙasar Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano, don ta zama madubi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan ilmi ya shigo mana ta ƙofar zaɓen sana'a, ya kuwa tarar da tsohon tsari na taimakon mai damuwa wanda bai yi masa kyakkyawan nazari ba. Muddin bai yi hakan ba, ɗalibin da ya sami digirin zai koma gida da takarda, jama'a kuwa su ci gaba da kai kukansu inda suka saba.

2.0 Tsarin da Aka Gada

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Bisa dokar da Jihar Kano ta yi a 2024, masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. A irin wannan tsohuwar ƙasa ta manoma, kowace matsala tana da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Rikicin gona ko na iyaka yana tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, in ya gagara ya kai ga hakimi. Saɓanin ma'aurata yana komawa ga waliyyai da iyayen biki. Wanda zuciyarsa ta ƙuntata yakan nufi liman ko malamin zaure, mai jego kuwa tana da ungozoma da tsofaffin gida.

Abin lura a nan shi ne kunya ce ta tsara wannan rabon aiki. Bahaushe ba ya sakin jiki da ɗansa na fari, sau da yawa ko sunansa ba ya faɗa. Yaro ba ya kallon idon mahaifinsa ya ce ga abin da ke damunsa. To, da al'ada ta rufe wannan ƙofa, sai ta buɗe wasu: kaka da ake wasa da ita, da gwaggo, da kawu, da taubashi, da aminin uba, da ƙawa. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda ƙawance ya zama jigo a rayuwar matan ƙasar Zazzau. Kafin wannan ma, a ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai wa matan ƙauyuka karatu da nasiha. Ashe ke nan tambayar da Bahaushe ya fara warwarewa ita ce: wa ya cancanci a gaya wa?

3.0 Asalin Fannin da Shigowarsa Nijeriya

A ƙasashen Turawa, bunƙasar masana'antu ce ta haifi fannin. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishin taimaka wa matasa zaɓen sana'a a birnin Boston na Amurka. Dabararsa ita ce mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai, sa'an nan a gwama biyun. A 1942 Carl Rogers ya fitar da littafin da ya juya akalar fannin, inda ya nuna cewa mai damuwa shi ya fi kowa sanin damuwarsa, aikin mai taimako kuwa shi ne sauraro da tausayawa da gaskiya, ba yanke hukunci ba. A 1975 Gerard Egan ya tsara waɗannan dabaru mataki mataki, yadda za a iya koyar da su a aji.

A Nijeriya, masana sun fi jingina farkon al'amarin ga 1959, lokacin da matan mishan na kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga wurare daban-daban don su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyuka. Daga nan aka sami majalisar zaɓen sana'a ta Ibadan, wadda ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1967. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashe na musamman don wannan fanni, a 1976 kuma aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta Nijeriya, Olu Makinde ne shugabanta na farko. Sai a 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu wannan aiki rajista, watau bayan shekara 63 da taron Ibadan.

4.0 Yadda Buƙatar ta Iso Kudancin Kano

Abubuwa uku suka haɗu a shekarun 1970. Na farko, gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, ɗan manomi ya fara ganin injiniya da malamin gona da idonsa. Na biyu, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da yara makaranta, galibinsu iyayensu ba su taɓa shiga aji ba. Na uku, a 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawa.

A cikin 1977 ɗin ne manufar ilmi ta ƙasa ta ambaci buƙatar horar da masu ba da shawara don makarantun gaba da firamare. Da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai buƙatar ta ƙara tsananta, domin a ƙarshen shekara uku na ƙaramar sakandare ake raba hanya: kimiyya, ko fasaha, ko kasuwanci, ko koyon sana'a. Yaro ɗan shekara goma sha biyar daga Rurum ko Kibiya ya tsinci kansa gaban zaɓin da zai bi shi har tsufa, kawu da gwaggo kuwa, duk da ƙaunarsu, ba su san bambancin darussan ba. Wannan shi ne giɓin da tsohon tsari ya kasa cikewa, shi ne kuma ya ba sabon fanni gindin zama. Daɗin daɗawa, kafa hukumar JAMB a 1978 ya sa kuskuren haɗa darussa na iya hana ɗalibi shiga jami'a.

5.0 Abin da Ake Koyarwa da Abin da Ya Rage

A yau fannin yana ƙarƙashin tsangayoyin ilmi, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano wadda ta sami cikakken matsayi a 1977. Inda ake ba da digiri na farko, karatun shekara huɗu ne, ko uku ga mai takardar NCE. Ɗalibi yakan nazarci halayyar ɗan Adam da matakan girmansa, da ra'ayoyin masana, da gwaje-gwajen auna basira, da ƙa'idar riƙon sirri, sa'an nan ya fita aikin gwaji a makaranta.

Amma fa akwai wuraren da littafi da al'ada suka yi hannun riga. Littafi ya ɗauki haɗa ido alamar sauraro, a Rano kuwa yarinyar da ta zuba wa malami ido ana ce mata marar kunya. Littafi ya ce mai damuwa ne zai yanke wa kansa shawara, alhali maganar ci gaba da karatun yarinya ko aurar da ita tana hannun uba da baffanni. Littafi ya ce a kulle ƙofa don sirri, al'ada da addini kuwa ba su yarda namiji ya keɓe da budurwa ba. Har ila yau, da Ingilishi ake koyon dabarun, amma da Hausa ake kuka, kuma Bahaushe yakan ce jikinsa ne ba daɗi alhali zuciyarsa ce ke ciwo. Nasiha tana gangarowa ne daga babba zuwa ƙarami. Sabon fanni yana son babba ya yi shiru ya saurara. Kowanne yana da abin da zai koya wa ɗan'uwansa.

Matsalolin ma sun wuce zaɓen sana'a. Shaye-shayen matasa ya kai ga Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, shari'o'in aure kuwa sun cika ofisoshin Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a Kano a 2003.

6.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa makaranta ce ta haifar da tambayoyin da zaure ba shi da amsarsu, amma har yanzu zaure ne ke riƙe da amanar jama'a. Saboda haka ana ba da shawara uku. A riƙa yin wani ɓangare na aikin gwaji da Hausa, a makarantun karkara irin na Rano da Kibiya. A sanya nazarin kunya da zumunta da sulhu cikin manhaja a matsayin darasi mai zaman kansa. A kuma ƙarfafa wa 'yan mata gwiwar shiga fannin, domin akwai maganar da ɗaliba ba za ta taɓa gaya wa namiji ba. Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ya sami digirin nan, idan ya san wa zai fara gaisarwa kafin ya zauna da yaro, to, rabin aikinsa ya kammala. Allah Ya sa mu dace.