Alhaji Umaru na Kete-Karachi: Bakanon da ya riƙe zango a bakin Volta

A Kano aka haifi Umaru ɗan Abubakar a 1858, asalin gidansu kuwa Kabi ne. Mahaifinsa falke ne mai fataucin goro, shi ya sa yaron ya tashi da allo a hannu, ƙafa kuma a kan hanyar Gwanja. Ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, kuma tun yana saurayi ya wallafa ɗan littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa.

A 1892 ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Shekarar ce yaƙin sarauta ya ɓarke a tsakanin 'ya'yan sarakunan Gwanja, garin ya watse. Fatake suka kwashi kayansu suka gangara kudu zuwa Kete, zangon baƙi da ke maƙwabtaka da Karachi a gaɓar kogin Volta, inda Jamusawa suka kafa barikinsu. Malam Umaru ya bi sahu a 1896, yana cikin waɗanda suka raya wurin, daga baya ya zama limamin garin.

Kada mai karatu ya ɗauka limancin zango jan salla ne kawai. Zango tarin baƙi ne, Bakano da Bakatsine da Bazabarme da Bayarabe, kowa ya baro danginsa da alƙalin garinsu. Idan falke ya rasu a kan hanya, liman ne zai lissafa kwandunan goronsa da jakunansa, ya raba gado, ya rubuta wa magada takarda zuwa gida. Shi ke ɗaura aure, shi ke sasanta mai masauki da baƙonsa idan bashi ya shiga tsakani. Wannan aikin jama'a ne tsantsa, kuma Malam Umaru ya ɗauke shi shekaru masu yawa, ga kuma almajirai cike da zaurensa.

Bai ɓoye ƙin jininsa ga mamayar Turawa ba, ya faɗe shi a waƙoƙinsa na Hausa da na Larabci. Duk da haka ya zauna da Adam Mischlich, jami'in Jamus mai sha'awar Hausa, ya rubuta masa tarihin ƙasashenmu da sana'o'inmu da ajami. Ni a ganina ya yi daidai, domin da bai rubuta ba, da abubuwa da dama na rayuwar talakan ƙarni na 19 sun bi ruwa.

Ya tafi aikin hajji a 1913, ya komo ya tarar Ingilishi sun karɓe garin daga Jamusawa, ya ci gaba da limancinsa har rasuwarsa a 1934. Tafkin Volta ya cinye tsohon garin bayan gina madatsar Akosombo. Rubuce-rubucensa da yawa suna ajiye a Jami'ar Gana da ke Legon, kuma ya kamata a ce ɗaliban Kano da Katsina suna karanta su a aji.