Daga Jigo Zuwa Inji a Fadamun Haɗejiya

Tun zamani mai tsawo mutanen ƙasar Haɗejiya sun san noman rani. Kogin Haɗejiya ya kan cika da damina, ya malala bisa fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, in ya janye ya bar danshi da tafkuna. A bakin waɗannan tafkuna ne mai lambu ke kafa jigonsa, watau doguwar sanda da a ke ɗorawa bisa ginshiƙai biyu, guga a gaba, dunƙulen laka a baya. Da shi ya ke ɗebo ruwa ya shayar da albasa da tumatir da barkono, wani lokaci har da 'yar alkama.

Aikin jigo da wuya ya ke, ga ciwon baya, ga sanyin asuba na hunturu. Amma wuyar nan ita ce ta sa wa lambu iyaka. Mutum guda bai cika shayar da abin da ya wuce rubu'in eka ba, saboda haka sauran fadama sai ya zauna fili. Bafillatani ya sauko da shanunsa su ci ciyawar rani, masunci ya kama kifinsa, kowa da lokacinsa. Ba a rasa saɓani ba ko a wancan zamani, sai dai wurin ya ishi kowa.

A 1974, cikin mulkin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga bisa Kogin Kano, wanda shi ne ɗaya daga cikin iyayen Kogin Haɗejiya. Wannan ya zo daidai da farin da aka sha a farkon shekarun 1970, wani farin kuma ya biyo a 1983 da 1984. Ambaliya ta ragu, shinkafar fadama ta yi ta ƙonewa. Cikin wannan hali ne Hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano, da taimakon Bankin Duniya, ta shiga sayar wa manoma ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur bisa rangwame, tare da koya musu haƙa gajeren burtsatse cikin fadama. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, sai kasuwar inji ta buɗe sosai, don alkama ta yi daraja. Abin da jigo ke kwana da wuni bai gama ba, inji kan gama shi kafin hantsi.

To, a nan ne ƙorafin ya sake kama. Dā mai lambu da bayansa ya ke kuka, yanzu kuwa da aljihunsa. Jigo in ya karye, daji a ke shiga a saro wani. Inji kuwa in ya ƙi tashi, sai a ɗaure shi bisa keke ko babur a nufi Haɗejiya ko Malam Madori neman makanike, alhali shuka na can tana yaushi. Kayan gyara daga ƙasashen waje su ke zuwa, darajar Naira kuma ta soma faɗuwa tun 1986, don haka kuɗinsu kullum gaba ya ke yi. A shekarun 1993 da 1994, sa'ad da fetur ya yi wuya a ƙasa duka, manomi ya koma hannun 'yan bumburutu, ya sayi galan da tsada, wani zubin ma gauraye da kananzir, ya lalata masa injin.

Harshen kansa ya riƙe shaidar wannan canji. Kusan duk sunan da ke jikin sabon abin aro ne: inji, fetur, fulogi, kafireta, fistin, tiyo. Manomi na faɗinsu daidai da karin Hausa, amma bai san cikinsu kamar yadda ubansa ya san kowane ɗauri na jigo ba. Ita kuwa kalmar jigo ba ta mutu ba, sai dai ta ƙaura. Yaran yau sun fi jinta a bakin 'yan siyasa, inda a ke cewa wane jigo ne a jam'iyya, da yawansu kuwa ba su taɓa ganin na lambu ba.

Muhawarar da ta fi nauyi ita ce ta fili. Masu yabon inji suna cewa ya hana samari tafiya cin rani, ya sa kuɗi a hannun talaka lokacin da dā zaman banza a ke yi. Gaskiya ne kuwa, duk wanda ya ga lodin tattasai da albasa da ke barin wannan yanki zuwa Kudu ba zai musa ba. Amma inji ya cire iyakar nan da ƙarfin mutum ya sa wa lambu. Mai hali ya sayi biyu ko uku, ya share fadamar da dā makiyaya ce, ya toshe burtali da mashaya. Shanu su sauko da kaka su tarar da alkama inda su ka saba tarar da ciyawa, sai ɓarna, sai ƙara gaban dagaci ko alƙali, wani lokaci har da zub da jini. Jihar Jigawa, da aka ƙirƙiro a 1991, ta gaji wannan rigima tun ranar farko. Ba daidai ba ne a ɗora wa inji laifin duka. Madatsar Challawa ta ƙaru a 1992, ruwa ya koma gudu rani da damina, ciyawar kachala ta cika hanyoyinsa ta cinye gonaki da wuraren kiwo. Inji ya faɗaɗa lambu ne a daidai lokacin da fadamar ke ƙuntata.

A watan Mayu na 1993 ba wanda zai zaci galan ɗin fetur zai kai inda ya kai bayan shekara talatin. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Waɗansu manoma suka sa makanikai su juya musu inji ya riƙa shan gas daga tukunyar girki, masu ƙarfi suka nemi famfo mai aiki da hasken rana, marasa ƙarfi kuwa suka rage gona. Komawa jigo ba ta yiwu ga mafi yawansu ba, domin lambunan sun yi nisa da bakin ruwa, sun kuma fi ƙarfin guga.