Daga Tutar Shehu Zuwa Sashe na 10: Tarihin Matsayin Shari'a a Mulkin Nijeriya

Kundin tsarin mulkin Nijeriya ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin na hukuma. Wannan shi ne sashe na 10. Amma a cikin kundin nan dai aka yarje wa duk jihar da ke so ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Waɗannan tanade-tanade biyu ba a rana ɗaya aka haife su ba, an daɗe ana ja-in-ja kafin su zauna waje guda.

A daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa bayan hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804, mulki da addini abu ɗaya ne. Sarkin Musulmi shi ke ba sarakuna tuta, alƙalai kuma suna hukunci da mazhabar Malikiyya, da littattafan Risala da Muhtasar a gabansu, tun daga rabon gado har zuwa ƙisasi.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shugabansu Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin jama'a ba. Ya bar mulki da shari'a a hannun sarakuna da alƙalai, domin ba shi da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Sai dai ya sa musu linzami: an hana yanke hannu da jifa, hukuncin kisa kuma ba ya tabbata sai gwamna ya sa hannu. Alƙali na nan da rawaninsa, amma kalmar ƙarshe ta koma hannun Bature.

Tsarin ya fara tsagewa a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda ya kashe wani. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, ta ce a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa ba a kashe shi. A Malikiyya kuwa tunzurawa ba ta kawar da ƙisasi. Sarakuna suka fusata, don sun gane cewa laifi ɗaya yana da hukunci biyu, kuma na waje ke rinjaye.

Da 'yancin kai ya ƙarato, ƙabilun da ba Musulmi ba suka kai kukansu gaban kwamitin Willink mai sauraren koken ƙananan ƙabilu, Birtaniya kuma ta matsa a gyara tsarin shari'ar Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wasu manyan Arewa. An zaɓi Sudan da Pakistan da gangan: ƙasashe ne na Musulmi masu aiki da rubutacciyar dokar laifuffuka, don haka malamai za su fi sakin jiki. Daga shawararsu aka fito da dokar laifuffuka ta Final Kod, wadda aka ɗora a kan ta Sudan, ta fara aiki a 1960. Nan aka ja layin da ya daɗe: laifuffuka na dokar gwamnati, aure da saki da gado da waƙafi na Shari'a, da kotun ɗaukaka ƙara tata a Kaduna, wadda Shaihu Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962.

Ƙura ta sake tashi a majalisar tsara kundin mulki a 1978, kan kafa irin wannan kotu a matakin tarayya. Da aka ƙi, wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren, sai da shugaban mulkin soja Janar Obasanjo ya sa baki. Kundin 1979 ya fito da sulhu: babu addinin hukuma, babu kotun Shari'a ta tarayya, amma jihohi na da damar kafa nasu. Haka na 1999 ya gada.

Ta wannan ƙofa ta jihohi Gwamna Ahmad Sani ya bi a Gusau cikin Oktoban 1999, ya mayar da laifuffuka ƙarƙashin Shari'a a kan Musulmin Zamfara. Jihohi 11 suka biyo baya, Kaduna kuwa ta sha mummunan rikici a Fabrairun 2000 kan batun. Masu adawa suka ce an karya sashe na 10. Gwamnonin suka ce doka majalisun jihohinsu suka yi, kuma ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba. Obasanjo, wanda a lokacin yake shugaban farar hula, bai kai maganar kotu ba. Saboda haka layin da aka ja a 1960 ya gusa a jihohi 12, a sauran jihohin Arewa kuma yana inda yake, duk a ƙarƙashin kundi ɗaya.