Wa ka korar ku haka? Tarihin yinin ɗalibi, daga allo zuwa anfi

Ranar Talatar da ta wuce na tashi tun kafin kiran assalatu, don abubuwa uku na jirana: entero ta ilimin furuci da ƙarfe 8, ekspozen rukuninmu da ƙarfe 11, sai dabuwar ɗin da malam ya ce ƙarfe 6 na yamma yake rufe karɓa. Tsakaninsu akwai kur biyu, ga layin resto, ga layin mai fotokofi. Kowa a cikinku ya san irin wannan yini, wani ma nasa ya fi nawa zafi. Abin da ya sa na ɗauki bik shi ne wata magana da kakata ta yi mini a waya da daddare, daga Ƙonni. Na ce mata Hajiya na gaji, tun safe ban zauna ba. Sai ta ce: "Wai wa ka korar ku haka, mai gidana? Kakanka ma ya yi karatu, ban taɓa ganin shina gudu ba."

Na yi dariya, amma tambayar ta hana ni barci. Wa ya yanka mana yini gunduwa-gunduwa haka? Da na bi sawun abin a cikin gidanmu kaɗai, sai na tarar da yinin karatu iri uku: na kakana, na babana, da nawa.

Asuba

Kakana, Allah ya jiƙansa, an haife shi a wani ƙauye tsakanin Galmi da Tsarnawa. Yankin nan ba baƙon karatu ba ne. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma neman ilimi ya kai shi har Agadas wajen Malam Jibrin ɗan Umaru. Tsarin da Shehu ya taso a ciki, kusan shi ne kakana ya tarar bayan shekara ɗari da tamanin.

A makarantar allo salla ce agogo. Ana zama bayan asuba har rana ta ɗaga, a koma bayan azahar, da dare kuma a kewaye wutar kara a yi ta biyawa. Hutun mako yana farawa daga yammacin Laraba zuwa Juma'a. Shekara kuwa damina ce ke raba ta: in ruwa ya sauka kowa ya nufi gona, in an kai amfani rumbu karatu ya kankama, wasu malaman su ɗebi almajirai su tafi cirani.

Jarrabawa kullum ake yin ta, amma ta mutum ɗaya ce. Ka zo gaban malam ka biya allonka. In ya zauna ya ce je ka wanke, in bai zauna ba ka koma da shi gobe. Babu ranar da aka sa wa kowa da kowa. Wani ya sauke izu sittin yana yaro, wani sai da gemu, kuma ba a kori kowa don ya daɗe ba.

Abin da ya fi jan hankalina, ni mai karatun harshe, shi ne matakin da ke biye da sauka, wato karatun zaure. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa. Harshen gida yana da mazauni a tsakiyar darasi, da shi ake buɗe littafi.

Kada mu yi wa tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Akwai dorina, akwai bara da yunwa, da yawa sun sauke ba su san ma'anar abin da suka haddace ba, mata kuma akasari aure ke tsinke musu karatu. Kakata da ke yi mini ba'a, izu biyu ta yi.

Ƙarfe takwas

Ranar 8 ga watan Mayu 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisa da ƙone-ƙonen da har yau tsofaffi ba su son tunawa. Mutanen da suka fara ganin Nasara ta wannan fuska, ba abin mamaki ba ne in sun ƙi miƙa masa ɗiyansu daga baya. A 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka. Ɗaukar yara lakol ta hannun sarakuna da masu gari ake yin ta, kamar haraji. A gidanmu ana ba da labarin yadda aka ɓoye kakana cikin rumbu yini guda, har masu rubuta sunaye suka bar gari.

Lakol ta zo da abubuwan da yanzu muke gani kamar da su aka halicci duniya: ƙararrawa, aji, darasi mai awa ƙidayayye, jarrabawar da kowa zai yi rana ɗaya, maki bisa 10 ko bisa 20, da matsayi, wane na ɗaya wane na ƙarshe. Shekarar karatu ta koma Oktoba zuwa Yuni. Hatta ranar hutu da tarihinta. Dokar Jules Ferry ta 1882 a Faransa ta ware yini ɗaya a mako, ban da Lahadi, don iyaye su koya wa yara addini a wajen makaranta, aka tsayar da Alhamis. A 1972 suka mayar da hutun Laraba. Ka ga Alhamis ta zama ranar hutu ga almajirin Ƙonni da ɗan makarantar Paris, kowa da dalilinsa.

Babban abin da lakol ta canja shi ne harshe. Taron Brazzaville na 1944 ya jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, a makarantar gwamnati ko ta masu zaman kansu. A ƙetaren iyaka kuwa Ingilishi sun bi wata hanya: makarantar da Hans Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ta fara koyarwa. Ba don ƙaunar Hausa suka yi ba, ya fi musu sauƙin mulki ne, amma sakamakon yana nan har yau. Mu Ƙonnawa muna tsakanin Illela biyu: Illelar Adar, garin mahaifiyata, da Illelar jihar Sakkwato da ɗan kabu-kabu zai kai ka cikin ƴan mintoci. Ƴan'uwana na can suna karanta jaridar Hausa ba gargada, ni kuwa sai da na shiga jami'a na san ana rubuta ƙ da ɗ da lanƙwasa. Su suna cewa boko, mu muna cewa lakol. Kalmar bokon ma, masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa ba daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin yaudara. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka yadda kakanninmu suka ɗauki abin.

Babana ya shiga lakol bayan samun ƴancin kai na 1960, amma ya tarar da sambol. Wani ƙashi ne aka ɗaura wa igiya. Wanda aka ji ya yi Hausa a harabar makaranta a rataya masa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai suɓuta ya miƙa masa. Wanda abin ya yini a wuyansa shi mushe zai hukunta. Na taɓa tambayarsa abin da ya fi ɓata masa rai, ya ce: "Ba bugun ba ne. Abokinka na ƙut da ƙut shi ka laɓewa shina saurarenka." Da ɗan Faransancin da ya samu ya yi aiki shekaru a ma'aikatar siminti ta Malbaza, da albashin nan aka biya mana kaye da bik. Shi ya sa in na soki lakol a gabansa yakan ce in yi a hankali, a inuwarta nake zaune.

Ƙarfe goma sha ɗaya

Yinin ɗalibin jami'a sabon abu ne a ƙasarmu. A zamanin mallaka wanda ya yi fice sai a tura shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Bayan ƴancin kai ma mai bak sai ya nufi Dakar ko Abijan ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Mu na jihar Tawa sai a 2010 muka samu tamu, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, ƙasar da fadar sarkinta ke Illela.

Abdou Moumouni ɗan Tasawa ne, masanin kimiyyar hasken rana. A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka inda ya ce a koyar da yara cikin harsunansu. An gwada. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, yaro ya fara da Hausa sannan a shigo masa da Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, ta 2001 ta lissafa su. Amma ni da na yi firamare bayan waɗannan dokoki duka, da Faransanci aka tarbe ni ranar farko, kamar babana, sai dai ba ƙashi a wuya.

Gudun da kakata ke tambaya kuwa, wani ɓangarensa daga Turai ya zo kwanan nan. Tsarin LMD ya samo asali daga yarjejeniyar Bologna ta 1999, jami'o'inmu suka rungume shi. Shekara ta rabu zango biyu, kowane zango kiredi 30, lisans kiredi 180, kuma ana auna ɗalibi a kai a kai maimakon a jira ƙarshen shekara. Daga nan entero da ekspoze da dabuwar suka samu damar haɗuwa a Talata ɗaya.

Akwai kuma abin da na gada daga ɗalibai ƴan'uwana. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou, ɗalibai suka fito zanga-zanga kan matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. A kan gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. In ina tsaye a layin resto ina tsaki, nakan tuna akwai waɗanda suka fita da safe kan hakkin ɗalibi ba su dawo ba.

Dare

Bari in koma kan enteron nan ta ƙarfe 8. Tambaya ta biyu cewa ta yi a bayyana yadda ake furta ɓ da ɗ, da bambancinsu da ƙ da ts. Sautukan da na sha a nono ke nan. Amma na ɓata minti goma ina neman yadda zan jera jimlar Faransanci ba kuskure. A daren Litinin kuwa, a fadarmu, muna shan shayi, wani abokina ya bayyana mana abin cikin minti biyu: "Ɗora yatsa bisa maƙogwaronka, ka ce ɓarawo. Ka ji ya yi ƙasa? To ce ƙaho. Ka ji ya yi bisa?" Ko ɗan Zabarmawan da ke cikinmu ya gane.

Ku duba naku yinin da kyau. Da rana muna kwafar darasi da Faransanci, da dare mu taru mu warware shi da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak. Karatun zauren kakana ne muke yi, ɗaya ya karanto ɗaya ya fassara, sai dai ba ya cikin jadawali kuma ba shi da kiredi. Mu da muka kai jami'a mun samu masu fassara mana. Ƙanwata ba ta samu ba. Ta kai siziyem, aka mayar da ita, aka sake mayar da ita, ta bari. Yau ita ke riƙe da lissafin albasar babanmu, daga kuɗin iri har na buhu da na mota, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba. Lissafin ta iya, harshen da aka yi mata tambayar da shi ne ya kayar da ita.

A watan Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wasu sun yi murna, wasu ƴan'uwanmu masu sauran harsuna sun nuna damuwa, kuma damuwarsu abin saurare ce, don mu da aka rataya wa iyayenmu ƙashi bai kamata mu rataya wa wani ba. Tarihin 1973 da 1998 da 2001 kuma ya koya mana cewa doka ba ta shiga aji da ƙafarta. Sai an samu littattafai, da malaman da aka horar, da kalmomin da za a koyar da lissafi da kimiyya da su.

Kalmomin nan wasunsu muna ƙirƙirar su kowane dare a fada, mu watsar tare da ganyen shayi. Mu a rukuninmu mun sayi kaye mai shafi 200. Duk bayanin da wani ya yi da harshen gida har aka gane, sai mu rubuta shi, da sunan darasin da kwanan wata. Mun cika shafi goma sha ɗaya. Wanda ke karatun likita ko shari'a ko aikin gona, in yana da irin nasa, ya kawo mu haɗa a fito da shi a wannan ɗan littafi.

Ranar Juma'a na sake kiran kakata na ba ta amsar tambayarta, tun daga Voulet har Bologna. Ta saurara har na gama, sannan ta ce: "To, Allah shi ba da sa'a. Ka dai ci abinci?"