Saiwar Kalma da Lissafin Harafi a Ibrananci

Haruffan Ibrananci 22 ne, dukansu baƙaƙe. Ɗigogin wasali daga baya suka zo, daga hannun malaman Masora na birnin Tabariya, waɗanda Haruna ben Asher ya fi shahara a cikinsu a ƙarni na 10. Wanda ya karanci sarfun Larabci ba zai ji baƙunta ba a nan, domin galibin kalmomi kan saiwa mai baƙaƙe uku suke tsayawa. Daga k-t-b ake samun katab, ya rubuta, da koteb, mai rubutawa, da miktab, wasiƙa. Saiwa ke riƙe da jigon ma'ana, ma'aunin da aka zuba ta a ciki shi ke fayyace wanda ya yi da abin da aka yi. Yahuda Hayyuj ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida a Ƙurɗuba wajejen shekarar 1000, kuma da Larabci ya yi rubutunsa, yana bin sawun malaman nahawun Larabawa.

Gematariya kuwa hanyarta daban. Kowane harafi da adadinsa: alef 1, yod 10, tav 400, irin dai hisabin abajada da mawaƙanmu na ajami suke ƙulla ramzi da shi. Littafin Farawa ya ce Ibrahim ya fita yaƙi da mutum 318. A Talmud na Yahudawa wasu malamai suka lura haruffan sunan baransa Eliyeza ma 318 suke bayarwa, sai suka ce shi kaɗai ake nufi. Haka ehad, ɗaya, da ahaba, ƙauna, kowacce 13. Akwai daɗin ji, ba shakka. Amma kalmomin da suka yi tarayya a adadi guda suna da yawa, mai fassara ne ke zaɓar wadda ta dace da wa'azinsa. A ganina wannan fasahar wa'azi ce, kuma a wannan matsayi ta cancanci nazari.

Inda nake ja shi ne da masu cewa tunda alef asalinsa hoton bijimin sa ne, bet kuma gida, to ab, wato uba, da ake rubutawa da su biyun, na nufin ƙarfin gida. Sunayen haruffan gaskiya ne, amma sautin farko kawai aka ara daga hoton. Mutanen Akkad suna kiran uba abum tun ƙarnoni kafin wani ya zana alef a jikin duwatsun yankin Sina'i.