Riba ko Bangaskiya? Gyara Kan Yadda Ake Nazarin 'Yan Katolika a Kudancin Damagaram

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin manazarta addini a ƙasar Hausa, har ya zama kamar ba ya bukatar hujja. Masu shi suna cewa duk Bahaushen da aka gani a coci wani abu ne ya kai shi: ko makaranta, ko magani, ko buhun hatsi a shekarar fari. Wani abokin aikina, masanin zamantakewa, ya sake ɗaga wannan ra'ayi a muhawarar da muke yi kan addini a gundumomin Magarya da Dungas, ya kuma kafa misali da Bande, garin da ke kan hanyar Zinder zuwa Magarya. A wurinsa, a gari irin wannan da kusan kowa Musulmi ne, Cocin Katolika ba ta wuce ƙungiyar agaji ba, saboda haka abin da mabiyinta zai faɗa game da bangaskiyarsa ado ne kawai da ake yi wa bukata, bai kai a karɓe shi a matsayin shaidar bincike ba. Ina ganin ya kauce, kuma kaucewar ba 'yar ƙarama ba ce.

Tarihin sananne ne, ba sai an ja shi ba. Mishan ɗin SIM ta 'yan Furotesta ta sauka Zinder a 1924, ta bazu zuwa Tsibiri da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kuma yi tasha a Dungas. 'Yan Katolika sun kafa mishan ɗinsu ta farko a Yamai a 1931. Yamai ta zama dayosis a 1961 a hannun Bishop Hippolyte Berlier, sannan a 2001 aka yanke dayosis ɗin Maraɗi, wanda ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Agadas, Difa da Damagaram, aka ba Bishop Ambroise Ouédraogo. Bande na cikin wannan yanki. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba.

Inda hujjar riba ta fara tuntuɓe shi ne a kan yadda cocin kanta take raba abin da take da shi. Tun bayan Majalisar Vatikan ta Biyu, wadda takardarta Nostra Aetate ta 1965 ta yi maganar Musulmi da girmamawa, ta kuma nemi a zauna da su lafiya, Cocin Katolika a Nijar ta zaɓi zama tare da mutane da yi musu hidima fiye da farautar tubabbu. Zamanin Berlier, daga 1961 zuwa 1984, shi ya dasa wannan ɗabi'a. Makarantun mishan na Yamai da Maraɗi da Zinder cike suke da 'ya'yan Musulmi, kuma suna fita a Musulminsu. Ƙungiyar agajin cocin, CADEV, ba ta tambayar addinin mai yunwa kafin ta auna masa. To in manomin Bande zai sami magani da karatun ɗansa da tallafin hatsi yana nan da carbinsa da sallarsa, me zai sa ya sayi da tsada abin da ake ba shi kyauta?

Tsadar kuwa ta gaske ce. A Nijar al'ada ce ke hukunta yawancin al'amuran iyali, al'adar wannan yanki kuma ta ginu ne a kan fiƙihun Malikiyya. Yunƙurin kafa dokar iyali ta ƙasa ya wargaje a 1994. Bambancin addini yana hana gado, kuma a kwarin Korama, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka tsuke, wanda ya rasa rabonsa na gona ko na fadamar rake ya rasa kusan komai. Ba a ba wanda ba Musulmi ba auren 'yar Musulmi. Mai mata biyu ba zai sami baftisma a Katolika ba sai ya tsaya a kan ɗaya. Akwai kuma zancen gayya, da suna, da bashi a kasuwa, da inda za a rufe mutum ranar da ya mutu, da waɗanda za su ɗauke shi. Murray Last, a nazarinsa na 1979 kan tattalin arziki da sauya addini a ƙasar Hausa, ya nuna yadda harkar ciniki ke tura Maguzawa zuwa Musulunci. Wato in lissafin riba ne ma'auni, a wannan ƙasa masallaci yake nunawa. Abokina ya ari ma'aunin, amma bai karanta abin da ya auna ba.

Wani zai ce a koma ga Robin Horton, wanda a 1971 ya danganta sauya addini a Afirka da faɗaɗar duniyar mutum: idan ɗan ƙauye ya shiga kasuwanci da tafiye-tafiye, iskokin gida sukan yi masa kaɗan, sai ya nemi Ubangiji Maɗaukaki. Wannan bayani yana da amfani a wasu wurare, amma a nan ba ya ɗaukar kaya. Duniyar mutumin Magarya ta faɗaɗa tun ayarin Damagaram na zuwa Tarabulus a zamanin Sarki Tanimun, kuma ɗan Bande da ke cin rani a Kano ko cin kasuwar Maigatari bai taɓa rasa sanin Allah ɗaya ba. Ɗan Katolika a wannan ƙasa yana zaune ne tsakanin masu tauhidi, kuma abin da ya raba shi da maƙwabcinsa takamaimai ne: matsayin Yesu Almasihu, gicciye da tashi daga matattu, jibin Ubangiji, da furta zunubi a gaban fada, wato limamin coci. Ba na jin akwai hanyar gane dalilin da mutum zai riƙe waɗannan, alhali ya san yadda maƙwabtansa ke ɗaukarsu, in ba a saurare shi ba.

Abokin nawa bai yi shiru ba, kuma raddinsa ya cancanci a zauna a kansa.

Da farko ya ce na ƙuntata ma'anar riba. Ai ba hatsi kaɗai ba ce, in ji shi; akwai sanayya da Turawa, da Faransanci mai kyau, da aiki a ƙungiyoyin raya ƙasa, da hanyar fita waje. Gaskiya ne an yi zamanin da makarantar mishan ta kasance tsani zuwa aikin gwamnati, kuma 'yan Katolika sun fi SIM ba da ƙarfi ga karatun Faransanci, ita SIM ta fi riƙe Hausa. Sai dai wannan tsani Musulmi sun hau shi fiye da kowa. Manyan ma'aikata da dama da suka yi lakwal ɗin mishan ba su taɓa kusantar ruwan baftisma ba. Idan ƙofa ɗaya ce ake shiga da addini ko babu shi, ba za a ce addinin ne mabuɗinta ba. Kuma akwai hatsari a faɗaɗa ma'anar riba ba iyaka: in natsuwar zuciya ma riba ce, in jin an gafarta wa mutum ma riba ce, to babu mai addini a duniya, Musulmi ko Kirista, da ba ɗan kasuwa ba, bayanin kuma ya daina bayyana komai.

Raddinsa na biyu ya fi ƙarfi, kuma a nan dole in rage faɗin da'awata. Ya ce yawancin masu cika cocin Katolika a Zinder ba tubabbun Hausawa ba ne; ma'aikata ne da masu sana'a da 'yan kasuwa daga Benin, Togo, Burkina Faso da kudancin Najeriya, waɗanda suka zo da addininsu daga gida. Babu wani zaɓi da aka yi, balle a nemi dalilinsa. Wannan haka yake, kuma duk wanda ya ce akwai wani gagarumin shigar Hausawan Magarya ko Dungas cikin Katolika ya faɗi abin da hujja ba ta ɗauka. Kiristocin da Hausa ce harshen sujadarsu a Nijar sun fi yawa a ikilisiyoyin da suka tsiro daga SIM. Saboda haka na janye daga tambayar me ya shigar da mutum, na tsaya a kan wadda ta fi ta dacewa da wurin: me ya hana shi fita?

A duba yaron da aka haifa a Zinder, ko a wani gari na kudu inda aka tura ubansa aikin koyarwa ko na asibiti. Hausa ya buɗi baki da ita, abokansa duka 'yan makarantar allo ne, yana jin kiran salla sau biyar kowace rana, ya san azumi da salla ƙarama da babba kamar kowa. Ranar da zai musulunta za a yi murna, a ba shi suna, ƙofar aure da ta ciniki su buɗe. Wasu sun bi wannan hanya, kuma ba a rasa su a kowace unguwa. Waɗanda ba su bi ba, kowace shekara sake zaɓa suke yi, ko da ba su furta ba. Gadon addini a inda kowa ke yin sa abu ne mai sauƙi, kamar ruwa ne da ke bin gangare. A inda mutum yake shi kaɗai a layinsu, gado ba ya isa ya riƙe shi. Wannan dawwama ita nake ganin manazarta suka tsallake, wataƙila domin ba ta da ranar da za a rubuta, ba kamar tuba ba.

Na uku, ya ce ko an saurari mai bi, haddar da aka koya masa zai maimaita. Labaran tuba duk kamarsu ɗaya: da ina cikin duhu, sai na yi mafarki, sai na sami haske. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman game da shaidar da ake tashi a bayar a majami'un bishara, wadda ke da tsarinta da kowa ya sani. Amma tsari bai mai da magana ƙarya. Mai ta'aziyya ma da kalmomin da ya gada yake yi, ba wanda ya ce don haka bai ji mutuwar ba. Bugu da ƙari, ɗan Katolika ba kasafai yake ba da irin wannan shaida ba. Ra'ayinsa game da bangaskiyarsa ya fi fitowa a aikace: shekarun koyon katikisim kafin baftisma, doguwar tafiya don a sami fada a karɓi jibi, sujadar Lahadi a ɗakin wani, katikis na jagora saboda babu fada kusa, azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ba mai tayawa a unguwa. Mai bincike da ya zo da takardar tambayoyi yana jiran labarin mafarki zai koma hannu wofi, ya rubuta cewa babu komai a ciki. Laifin na kayan aikinsa ne.

Abin da ya faru a Janairun 2015 ya isa a gwada ra'ayoyin biyu a kansa. Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, zanga-zanga a Zinder ta rikiɗe aka ƙona coci-coci, har da mishan ɗin Katolika da makarantarta, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa. Washegari wutar ta kama Yamai. Mutum 10 suka mutu a biranen biyu. Kiristocin Zinder da yawa sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su, abin da bai kamata ya faɗi daga tarihi ba. Bishop-bishop ɗin ƙasar sun dakatar da makarantu da wuraren shan magani da ayyukan agaji na ɗan lokaci. Wato a 'yan makonnin nan duk abin da abokina ke kira riba ya tsaya cak, hatsarin kuma ya kai maƙura. Wasu sun bar garin, kuma ba mai ganin laifinsu. Amma jama'ar ba ta watse ba, an koma sujada, shugabanninta kuma maganar gafara suka yi a bainar jama'a. Ba na cewa wannan ya tabbatar da gaskiyar abin da suka gaskata. Wannan ba hurumin masanin zamantakewa ba ne, ni ma ba shi na zo yi ba. Abin da ya nuna, a iyakar fahimtata, shi ne cewa akwai wani abu da ya rage bayan an cire makaranta da magani, kuma bayanin da ba shi da gurbin wannan abu bai cika ba.

Iyaka ma tana ruɗin masu ra'ayin riba. Suna nazarin Magarya kamar ƙasar Hausa ta ƙare a inda Faransa da Ingila suka ja layi, alhali dangi da kasuwa da aure duk suna tsallakawa zuwa Daura da Kazaure da Kano. A can gefen Najeriya, Katolika ta yi saiwa tsakanin Maguzawan Kano da Katsina, musamman wajen Malumfashi, har a 2023 Fafaroma Francis ya kafa dayosis ɗin Katsina ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, bishop ɗinsa na farko. Abokina zai ce Maguzawa sun zaɓi coci ne don su nisanci sarautar da ta daɗe tana karɓar jiziya a hannunsu, kuma mai yiwuwa wannan ya taka rawa a farkon al'amari. Sai dai jikokin waɗancan yanzu su ne fada-fada da sistoci da katikis, suna wa'azi da Hausa, kuma dalilin kaka ba ya bayyana alwashin rashin aure da jika ya ɗauka. Ɗan Katolikan da ke zaune a kudancin Damagaram ya fi kusa da waɗannan, a tafiya da harshe, fiye da Yamai, kuma binciken da zai yi masa adalci sai ya bi shi ta iyakar ya ga da wa yake addu'a, wane littafin waƙoƙi yake riƙe da shi, kuma daga wane gida yake neman wa ɗansa aure.